Jan Wake a Farantin Madam Pethe

Mu talatin da ɗaya ne muke yi wa hostal ɗin mata aiki, kuma dukkanmu ɗalibai ne. Sunan shirin mai daɗin ji, wai "Yi Aiki Ki Yi Karatu". A takarda awa uku ne a rana: ki share bene, ko ki murza capati, gurasarmu ta alkama, ko ki zauna bakin get kina rubuta masu shiga da fita, kwaleji kuma ta ba ki gado da abinci kyauta. A zahiri kuwa awa ukun nan ba su da ƙarshe. Sai ki shiga kicin tun da asuba, ki fito da gudu ƙarfe tara da ƙullu a farcenki, ki zauna a aji kina gyangyaɗi, 'yan matan da iyayensu ke biya musu ɗaki suna ɗan jan kujera saboda kina warin albasa.

Sunana Kalindi Sanap, daga wani ƙauye a gundumar Beed ta ƙasar Indiya. Iyayena masu yankan rake ne. Duk shekara bayan bikin Diwali babbar mota takan zo ta kwashe su, da tukwane da akuya, zuwa gonakin kamfanin sukari, ba sa dawowa sai zafi ya kankama. Na yi wannan tafiyar sau tara kafin wani malaminmu ya cika mini fom. Gadona na ɗaki mai lamba sha huɗu shi kaɗai ya raba ni da bayan motar nan, kuma gadon a hannun mutum ɗaya yake, Madam Pethe, shugabar hostal. Duk ƙarshen zango takan manna jerin sunayen waɗanda za su ci gaba da shirin. Idan naki bai fito ba, babu mai ce miki an kore ki. Sai dai ki karanta allon sau uku, ki je ki ɗaure akwatinki. Zango ɗaya ya rage mini bayan wannan in gama digirina.

Kada a ce na yi wa matar ƙarya, ba muguwa ba ce irin wadda za ki ji daɗin tsana. Ta san sunan ƙauyen kowacce. Sanyin farko da na yi a garin, da ta ga ina rawar ɗari a layin shayi, ita ta saya mini suwaita. Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar da ba ta gajiya da ita: "Ku ba ma'aikata ba ne, ku 'ya'yana ne." Ta faɗe ta ranar da hannun tukunyar dal ya ɓalle, miya tana tafasa ta zube wa Sulbha Waghmare tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ita da kanta ta kai Sulbha asibiti a motarta, har da hawaye. Bayan sati biyu, da ya tabbata hannun ba zai iya murza capati ba, sai ga wata sabuwar yarinya a gadon Sulbha. Kawunta ya zo ya tafi da ita da bandeji a hannu.

Nilofar Bagwan ce ta fara maganar ƙungiya. Shari'a take karantawa, babanta yana sayar da ayaba a kasuwar garin, kuma bakinta ba ya hutawa ko tana goge haƙori. Ta je ofishin 'yan ƙwadago da ke bayan tashar bas, wata mata a can ta ce mata idan fiye da rabinmu mun yarda, mu zo a taimaka mana mu kafa tamu. To, ta yaya za a san ko mun kai rabi? Ɗaga hannu babu mai yi, don a cikinmu akwai masu kai rahoto, kuma mun san su ba mu san su ba. Takarda ma ba ta yiwuwa, Madam ta san rubutun kowacce daga littafin get. Sai aka tsaya a kan wake. Farin wake, wanda muke ci kusan kullum, shi ne a'a. Jan wake shi ne e.

Jan wake a hostal ɗinmu ba abin wasa ba ne. Na ranar biki ne, buhunsa a kulle yake a kabad, mabuɗin kuma yana ɗaure a bakin sarin Anusaya-mawshi, tsohuwar da ta shekara ashirin da biyu tana riƙe da kicin, wadda duk muke kira Mawshi, wato inna. Nilofar ta je ta tsaya a gabanta tana kame-kame.

"Ni ban ji komai ba," in ji Mawshi. Ta buɗe kabad, ta juya baya tana ta faɗa da wata kyanwa da babu ita, har Nilofar ta cika tafin hannunta.

Ranar Alhamis aka jefa ƙuri'a a sito, bayan buhunan albasa. An ajiye ƙoƙo biyu na wake da gwangwanin silba an rufa masa tawul. Kowacce idan ta gama aikinta sai ta shiga ita kaɗai, ta ɗauki ƙwaya, ta zura hannu ƙarƙashin tawul. An shirya za a ƙirga ranar Juma'a bayan abincin rana, don lokacin ne kaɗai dukkanmu ba mu da aji. Ni ce kusan ta ƙarshe, wajen ƙarfe huɗu. Na daɗe a tsaye ina tuna hannun Sulbha, ina kuma tuna bayan babbar mota. Na ɗauki ja. Ba zan yi wa kaina kirari ba: na ɗauka ne saboda akwai tawul. Da babu shi ban san abin da zan yi ba.

Ga inda aka yi ɓarnar. Jim kaɗan bayan na fita, aka ce Madam tana zuwa sito da mai maganin ɓera. Nilofar ta cire tawul, ta maƙala murfi, ta ɗora gwangwanin a kan shiryayye cikin 'yan uwansa sha biyu, duk kamarsu ɗaya. A ganinta ta yi dabarar duniya. Ita 'yar get ce, ba ta taɓa kwana ɗaya a kicin ba. Duk 'yar kicin ta san cewa Juma'a ake kawo sabon kaya, don haka Alhamis da yamma mai jiƙa wake takan kakkaɓe gwangwanaye gaba ɗaya a cikin baho, kada ƙwaya ɗaya ta kwana. Dokar Mawshi ce, kuma da ludayi ta koya mana ita a kan yatsu.

Wannan satin ni ce mai jiƙo. Ƙarfe shida na shiga, kaina cike da gwajin kimiyyar haɗa sinadarai da za mu yi Asabar. Na zuba mudu goma na fari, sannan hannuna ya bi shiryayye yana aikin da ya saba shekara biyu: ɗauko, buɗe, kife, buga gindi sau biyu, mayar. Na ga jajaye sun gangaro a kan farin. Na ma tsaya na tsine wa ɗan kasuwar da ke kawo mana kaya, na ce wannan mutum har wake yake haɗawa. Na kwarara ruwa, na juya da hannu, na tafi karatuna da zuciya fara.

Al'adar Madam ce ta ɗanɗana abincin rana kafin a gama rabawa, a ɗan teburinta na jikin taga. Ranar Juma'a ina tsaye da bokitin shinkafa, zauren cin abinci ya cika da mata ɗari biyu, sai na ga ta ɗaga cokali zuwa haske. Ƙwaya biyu ne a kai, jajaye.

"Anusaya-bai, zo nan."

Mawshi ta fito tana goge hannu a sari.

"Yau wane biki ake yi?"

"Babu biki, Madam."

"To wa ya buɗe kabad? Mabuɗi nawa gare shi?"

"Ɗaya ne."

"Yana ina?"

Mawshi ta kama bakin sarinta. A lokacin ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya, har sai da na ajiye bokitin kada ya suɓuce. Na waiwaya na ga Nilofar a ƙarshen benci, loma a hannu, baki buɗe.

"Shekara ashirin da biyu," in ji Madam a hankali, cikin muryar nan tata mai ban tausayi da ta fi tsawa ciwo. "Idan kina bukata ai da kin tambaye ni. Abin da ya zubo a tukunya ke nan, ban san abin da ya fita ta ƙofar baya ba. Ki kai mini mabuɗin nan ofishina."

Tsohuwa ce da ta taɓa sa ni rarrafe ƙarƙashin tebur don neman ƙwayar shinkafa uku, ake kira ɓarauniya a gaban yara. Na ji zafi ya taso mini tun daga ƙafa. Ina da baƙar zuciya, babata ta sha faɗa mini ita za ta kashe ni.

"Ba sata ba ce, Madam. Ƙuri'a ce."

Madam ta juyo gare ni.

"Ƙuri'ar me, Kalindi?"

"Ta kafa ƙungiya. Ni na zuba ta a baho ban sani ba. Mawshi ba ta san komai ba."

Wata daga cikin 'yan bene na uku ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ashe ƙungiya suke ci shi ya sa ta yi yaji. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokali a gefen faranti.

"Ƙarfe biyu. Dukkanku talatin da ɗaya, a nan."

A wurin wanke-wanke Nilofar ta tare ni, tana huci.

"Ke wace irin jaka ce? Kin dafa mana ƙuri'a, bai ishe ki ba sai da kika yi shela?"

"Jakar ita ce mai ɓoye wake a cikin gwangwanin wake ranar Alhamis, Tai," na ce, da sunan da muke kiran babbar yaya.

"Ni na san wata Alhamis ɗinku? Wallahi wata biyu ina bin yaran nan ɗaki-ɗaki. Ba ki da ido? Ba ki ga ja ba?"

"Na gani."

"Kika yi me?"

"Na zagi ɗan kasuwa."

Ta dube ni kamar za ta mare ni, sai kuma dariya ta ƙwace mata, irin wadda ake yi da hawaye. Ta zauna a kan baho da aka kife ta dafe kai. "Shi ke nan," in ji ta. "Yanzu za ta sa mu yi a gabanta. Ko biyar ba za mu samu ba. Ni babana yana garin nan, idan ta kore ni ƙasa zan shimfiɗa tabarma a gida. Ke fa? Ki zauna abinki, Kalindi. Kin riga kin yi mana abin da za ki yi."

Wannan maganar ta ƙarshe ta fi jakar shiga jikina.

Ƙarfe biyu muka zauna a benci uku, Madam a tsaye gabanmu. Ta yi magana kusan minti ashirin. Ta tuna mana wadda ta kai wa likitan haƙori, da wadda ta roƙa wa shugaban kwaleji afuwa. Ta ce ƙungiya ta ma'aikatan masaƙa ce da direbobi, ba ta yara masu neman ilimi ba, kuma idan muka zama ma'aikata, to za a bi da mu kamar ma'aikata. Ta ce ba ta hana kowa ra'ayinsa ba.

"Amma a gidana ba a ɓoye-ɓoye a bayan albasa. Mai son ƙungiya ta tashi tsaye in gan ta."

Nilofar ta tashi. Ita kaɗai, da dogon wuyanta. Sauran duk sun sunkuyar da kai suna nazarin yatsun ƙafarsu. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Na ga ganyen rake yana yanka hannu da sanyin safiya, na ga littattafaina a cikin buhu. Na kuma ji haushin kanmu, yadda jiya muka yi ta shiga sito ɗaya bayan ɗaya kamar jarumai, yau ga mu kamar kajin da aka jiƙa. Kuma duk zauren nan ni kaɗai na ga abin da ke cikin gwangwanin.

Na tashi. Na dafa kafaɗar ta gabana. Ban kalli Madam ba, su na kalla.

"Ni na kife gwangwanin nan, na ga abin da ya fito. Jajayen sun fi yawa, nesa ba kusa ba. Duk wadda ke zaune tana ganin ita kaɗai ta jefa ja, ta dubi ta kusa da ita."

Gaskiyar magana ban ƙirga ba. Na ga ja a kan fari, na zagi ɗan kasuwa, na zuba ruwa. Zai iya zama ashirin, zai iya zama goma. Amma na faɗa da muryar wadda ta ƙirga sau biyu.

"Kalindi, zauna," in ji Madam.

"Ai cewa kika yi a tashi, Madam."

Mangal, wadda ta riƙe ɗaya hannun tukunyar ranar da Sulbha ta ƙone, ita ta fara motsi. Ta miƙe tana kuka ba sauti. Sai 'yan shara biyu na bene na farko suka tashi tare, hannu cikin hannu. Sai shiru, har na ce an gama. Sai benci ya yi ƙara a bayana, ya sake yi. Wata da duk muke zargin ita ke kai rahoto ta tashi ta harɗe hannu, fuska a murtuke, kamar wani ya tilasta mata. Nilofar ta ƙirga da yatsa a fili, ta sake ƙirgawa. Goma sha takwas.

Madam ba ta rubuta sunan kowa ba, ba ta taɓa bukatar biro ba. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta zo kaina ta daɗe. Ba fushi na gani ba, ciwo na gani, kuma na tsani yadda hakan ya dame ni. Ta ajiye mabuɗin Mawshi a kan tebur ta fita. Daga baya da muka yi ta tambaya, mutum ashirin da tara suka rantse jan wake suka jefa, har da waɗanda suka manne a benci.

An kafa ƙungiyar. A watan da ya biyo baya aka canza tukwanen da hannunsu ya tsufa, aka kuma liƙa takarda a ƙofar kicin mai cewa awa uku, awa huɗu ranar biki. Na tsaya na karanta ta har sai da aka ture ni.

Kwana goma kafin hutun Diwali jerin sunaye ya fito. Mutum goma sha takwas ba za su koru ba, wa zai murza capati? Nilofar kuma tana da matar ofishin 'yan ƙwadago a bayanta. Suna ɗaya ne babu, nawa. Na karanta allon sau uku, kamar yadda ake yi.

Madam ta kira ni ofis, ta ba ni kujera, har da shayi. Ta ce kwamitin shirin ya ga sakacina a sito, ga rashin kunya a gaban jama'a. Ta turo mini farar takarda.

"Layi biyu kawai. Ki ce Nilofar ce ta ruɗe ki, kin yi nadama. Gobe sunanki zai hau allo. Na san gidanku, Kalindi. Zango ɗaya ya rage miki, kada ki yi wa uwarki haka."

Na kalli takardar. Ina son gadon nan, ina son tagarsa mai kallon bishiyar tsamiya, ina son in ga sunana a takardar digiri fiye da komai da na taɓa so. Na ɗauki biron ma. Sai na ji idan na rubuta, duk safiya zan riƙa wuce takardar ƙofar kicin da kai a ƙasa.

"Babu wanda ya ruɗe ni, Madam. Ƙafata ce, ni na tsaya a kanta."

Na ajiye biron. Shayin ma ban sha ba, kuma har yanzu ina jin haushin barinsa, don da madara sosai aka yi shi.

Ƙungiya ta rubuta wasiƙarta ta farko a kaina, mutum ashirin da shida suka sa hannu. Amsa ta zo cewa kwamiti zai duba idan an dawo hutu. Nilofar ta roƙi babanta in zauna gidansu, amma ɗaki ɗaya ne da mutum bakwai, ni na ce a'a. Malaminmu na kimiyya ya ce dokar jami'a ta yarda in zo in zauna jarrabawar Afrilu daga waje, idan na iya karatun ni kaɗai.

Ranar da zan tafi, na zauna a kan akwatina a tashar bas na kira babata a wayar maƙwabcinmu. Na faɗa mata babu gado.

"Sata kika yi?"

"A'a, Aai."

"Namiji ne?"

"A'a."

"To me kika yi musu?"

"An ce mai so ta tashi tsaye, na tashi."

Ina jin kukan akuyarmu a bayanta. Na jira faɗa, na shirya masa. Bai zo ba.

"Mota za ta zo kwana uku bayan biki," in ji ta. "Bayan babanki bai da daɗi bana. Zan ba maƙeri addarsa ya rage mata ƙota, hannunki ƙarami ne."

"To, Aai. Ki bar mini wuri a buhun tukwane, littattafaina goma sha ɗaya ne."

"Wa zai ɗauki wannan nauyin?"

"Ni."